Ranar da Injiniya Ya Taɓa Injin Yaya

Duk unguwar babu wanda ya san makarantar da ta ba shi sunan Injiniya. Shi ya raɗa wa kansa, ranar da ya gyara fankar tela ta koma juyawa da baya, tana zuƙe iskar shagon maimakon ta hura. Tela ya yi ƙorafi, Injiniya ya ce ai haka fankokin zamani suke, zafin suke kwashewa. Tun daga nan sunan ya bi shi, mutane suna kira da dariya, shi yana amsawa da ƙirji a gaba. Ba a taɓa ambaton wata sana'a a gabansa ya ce bai iya ba. Ko jirgin sama ka ce, zai ce saura kaɗan ya tuƙa, wani ɗan uzuri ne ya taso. Abu ɗaya ne ya gagare shi, wato zama a wurin aiki har a biya albashi.

Wannan shi ne ciwon da ke damun matarsa. Malamar makaranta ce mai haƙuri, amma ta gaji da kunyar da take sha duk lokacin da aka tambaye ta abin da maigidanta yake yi. Sai ta je wurin yayanta, wanda sana'arsa ja wa filayen ajiye motoci layi da fenti, ta roƙe shi har da hawaye ya ɗauki mijinta. Yaya ya ji tausayinta. Ya ce saboda ita zai ɗauke shi, in ya dawo daga tafiyar sayo fenti. Da yake rufin shagonsa yana yoyo, sai ya kawo injin nasa ajiya a ɗakin shirgin gidan ƙanwar tasa.

Injin kamar keken tura kaya yake, mai taya uku, da ƙaramin inji mai shan fetur, da bokitin fenti, da tiyo, da bindigar feshi a gefe bakinta yana kallon ƙasa. A jikin abin riƙewa akwai wani hannu kamar birkin keke, in ka matsa fenti ya fito, in ka saki ya tsaya. Yaya ya lulluɓe shi da tamfol, ya juyo ya dubi surukinsa.

"Sharaɗina ɗaya ne. Kada ka taɓa. Ko ƙura ka gani a kai, bar ta ta huta."

"Haba Yaya, ni da na san inji ciki da waje?"

"Na san kai ne. Shi ya sa na faɗa."

Matar ta ce, "Don Allah, Baban yara, ka rufa min asiri. Wannan ce ƙofa ta ƙarshe da na ƙwanƙwasa."

Ya dafa ƙirji ya ce ko kallon ɗakin ba zai yi ba. Ya kuma cika alkawari, har zuwa safiyar da wata 'yar ƙaramar mota ta tsaya a ƙofar gidan, bayan matar ta tafi makaranta. Wani mutum ya fito da farin wando da takalmi mai ƙyalli, gumi yana tsattsafo masa. Manajan sabon kantin nan ne da aka gina a ƙarshen layinsu. Ya ce Yaya aka bai wa aikin ja wa filin motocinsu layi, sati mai zuwa, amma Hajiya mai kanti ta matso da bikin buɗewa zuwa yau da yamma. Ya kira wayar Yaya har ya gaji, ya tura saƙo, shiru. An ce masa injin yana nan.

"In Hajiya ta zo ta ga fili babu layi, na kaɗe," in ji Manaja. "Ko ka san wani da ya iya?"

Injiniya ya yi wata 'yar dariya ta tausayi. "Ranka ya daɗe, wa kake tsammani ya koya wa Yaya?"

"Kai ne?"

"Ba na son in faɗa, don babba ne. Je ka jira ni."

A ransa kuwa ya riga ya gama hango komai. Yaya zai dawo ya ga aiki an gama, ya rungume shi, ya ce ba ɗan aiki ba, abokin tarayya. Matarsa za ta shiga makaranta tana taku ɗai-ɗai.

Matsala ta fara tun daga ƙofar gida. Injin ya ƙi shan kwana. Akwai wata 'yar sakata da ke riƙe tayar gaba don kada ta juya, ita ce ke sa layi ya fita a miƙe. Injiniya ya duƙa ya dube ta, ya girgiza kai, ya ce lallai Yaya ba ya kula da kayansa, taya ta ci tsatsa haka har ta ƙage. Ya ɗauko guduma ya buge sakatar ta fita, ya jefa ta aljihu, ya lafta wa tayar giris. Nan take ta fara rawa kamar ta keken kanti.

Tela ya leƙo daga shagonsa, almakashi a hannu. "Injiniya, ba na ji an ce kada ka taɓa ba?"

"Taɓawa daban, ceto daban."

"Wa kake ceto?"

"Sunan dangi. Kai dai ka ji da ɗinkinka."

"Allah ya tsare dangi," in ji tela, ya jawo kujerarsa waje don kada komai ya wuce shi.

Filin kantin sabo ne fil, kwalta baƙa wuluk tana sheƙi. Maigadin wurin, wani dogon dattijo mai son magana, ya taya shi shigo da injin. Maigadin ya buɗe akwatin da ke gefen injin ya zaro igiya da alli da tef ɗin awo, ya miƙa masa.

"Mayar," in ji Injiniya. "Igiya ta 'yan koyo ce. Ni idona ne igiyata."

"Ikon Allah. To a share filin?"

"Fenti mai kyau ba ya tsoron ganye."

Manaja ya ce Yaya ya auna ya ce filin zai ɗauki mota arba'in. Injiniya ya riƙe baki. "Arba'in? Wannan filin? Yaya mutumin kirki ne, amma yana almubazzaranci da ƙasa. Ni saba'in zan ba ka."

Idon Manaja ya kawo haske, don ya hango yabon da Hajiya za ta yi masa. Injiniya ya sa shi ya kawo 'yar motarsa tsakiyar fili, ya ɗora duwatsu dab da tayoyinta dama da hagu, ya ce wannan shi ne faɗin gurbin kowace mota, babu asarar taƙi ɗaya. Manaja ya buɗe ƙofa ya fito hankali kwance, tunda babu wata mota a gefensa. Su uku suna tsaye suna gyaɗa kai, babu wanda ya tuna cewa motar maƙwabci ma tana da ƙofa.

Aka zo zuba fenti ruwan ɗorawa. A bakin tiyon da ke zuƙa daga bokiti akwai 'yar rariya mai tace datti. Injiniya ya cire ta ya yar, ya ce ita ke rage wa inji gudu. Ya fizgi igiyar tayarwa, gwiwar hannunsa ta sami cikin Manaja, injin ya yi tari ya kama. Ya gyara hula, ya matsa hannun, ya tura.

Tayar gaba ta ce ba ta san zancen ba. Ya tura gabas ta nufi kudu, ya murɗo ta ta wuce arewa. Da ya kai ƙarshe ya waiwayo, sai ga layi kwance a kwalta kamar sawun maciji.

Maigadi ya karkata kai ya duba, ya sake karkatawa ɗaya gefen. "Injiniya, wannan layin ya sha wani abu ne?"

"Baba, sabon salo ne. Direba in ya ga layi a miƙe gyangyaɗi yake yi. Wannan kuwa dole ya buɗe ido."

"Lallai kam zai buɗe."

"Amma na Yayanka a miƙe nake gani," in ji Manaja, yana shafa cikinsa.

"Tsohon yayi ke nan. Ka bari ya bushe, zai miƙe da kansa."

Ya ja na biyu, ya ja na uku, kowanne da irin rawarsa, wasu ma har suna gaisawa a tsakiya. Iska ta ɗauke ganyen da ya fesa wa fenti, ta bar layin da giɓi kamar bakin tsoho. Ana cikin haka bindigar ta yi kaki, ta tofa, ta yi shiru. Busasshiyar fatar fenti ta bi tiyo ta toshe bakin, tunda babu rariyar da za ta tare ta.

Injiniya ya ciro bindigar ya girgiza, ya buga ta da tafin hannu. "Ranka ya daɗe, matso ka duba min ko wani abu yana fitowa."

Manaja ya matso. Wani abu ya fito. Daga gwiwa har ƙasa farin wandon ya koma ruwan ɗorawa, takalmin nan mai ƙyalli ya zama kamar ƙafar agwagwa.

"Innalillahi! Da wannan zan tarbi Hajiya?"

"Ai yanzu ka dace da filin. Kowa ya gan ka ya san kai ne mai wurin."

Maigadi ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa.

Don kada abin ya sake toshewa, Injiniya ya nemo ƙusa ya zura a bakin bindigar, ya bi ta da guduma. Ramin da Yaya yake wankewa da ɗan burushi mai laushi kamar yana wanke idon jariri, ya koma kamar bakin famfo. Layin da ya biyo baya faɗinsa ya kai tabarma, kaurinsa kuwa sai ka ce da cokali aka shafa. Hannunsa ya gaji da matsawa, sai ya samo waya ya ɗaure hannun fentin a matse. Ya so ya kashe injin ya ɗan huta, ya murɗa makunnin da ƙarfin da ya fi ƙarfinsa, abin ya ɓalle a hannunsa. Ya dube shi, ya dubi Manaja, ya tura shi aljihu wurin sakata.

"Me ka cire kuma?"

"Ba shi da amfani. Kamfani ne ke sakawa don ado."

Daga nan babu tsayawa. Inji yana ruri, fenti yana zuba, Injiniya yana bin sa da gudu-gudu sauri-sauri, don in ya tsaya tafki ne zai taru a ƙafarsa. Rana ta karkata yana kan layin ƙarshe, fentin farko ma bai bushe ba saboda kauri, sai ga baƙi sun fara shigowa.

Direbobi mutane ne masu biyayya ga layi. Kowa ya lallaɓa ya cusa motarsa a gurbin da ya gani, madubi yana shafar madubi. Motar farko ta shiga lafiya, mai ita ya fito. Ta biyu ta shiga, ta uku ta shiga, daga nan aka fara jin ƙwas, ƙwas, ƙofa tana dukan ƙofa. Wani mai tumbi ya samu ya zuro ƙafa ɗaya da kafaɗa, sauran jikin ya ce ba ya zuwa. Wata mata ta miƙo jaririnta ta taga tana cewa a karɓa mata. Masu son ja da baya sun tarar an tare su, masu shigowa suna danna hon. Tayoyi suka kwashi ɗanyen fenti suka yi ta zane a fili, wanda ya samu ya fito kuma takalminsa ya manne.

Cikin wannan hargitsi jif ɗin Hajiya ta shigo. Direbanta ya ga gurbi ɗaya a gaban ƙofar kanti, ya matsa ya shige da ƙyar. Hajiya ta tura ƙofar dama, ta buɗe faɗin yatsa. Ta tura ta hagu, ko hakan ba ta samu ba. Ta sauke gilashi.

"Manaja!"

Ya zo da gudu, ƙafafunsa ruwan ɗorawa suna ɗanƙo a kwalta. "Ranki ya daɗe, sannu da zuwa."

"Na zo ne? Ka ga na zo? Ta ina zan fito?"

Manaja ya duba dama, ya duba hagu. "Ranki ya daɗe, sai dai ta but."

Haka aka yi, a gaban baƙi da masu ɗaukar hoto. Aka ɗaga ƙofar baya, Hajiya mai kanti ta tsallake kujeru da rarrafe, ta fito da baya da baya, ɗankwalinta a karkace. Ƙafarta ta farko ta sauka a tsakiyar layin nan mai faɗin tabarma. Ta ɗaga ƙafa, takalmin ya zauna.

Wurin ya yi tsit, ban da rurin inji. Hajiya ta tsaya da ƙafa ɗaya, ta dafa kafaɗar Manaja, ta tambaya a hankali, irin hankalin da ya fi ihu ban tsoro, "Wane ne ya yi wannan aikin?"

Maigadi ya ɗaga dogon hannunsa ya nuna.

Injiniya ya ga shi ake nunawa. Ya fizge wayar da ya ɗaure hannun fentin da ita, bai lura ba hannun ya riga ya ƙage a matse da busasshen fenti. Ya jefa wa injin tamfol, wai don kada a gane shi, alhali rurinsa har bakin titi ake ji. Ya tura zai gudu, tayar gaba ta hau rawarta. Nan ne, don tsananin tsoro, ya yi abin hankali na farko a ranar. Ya zaro sakatar daga aljihu ya mayar da ita raminta, ya saita injin da ƙofar fita, ya ranta a na kare.

Layinsu a miƙe yake daga kanti har gida. Injiniya ya bi shi da gudu, kansa a sama, idonsa a kan ƙofar gidansa kawai. Tela yana nan a kujerarsa.

"Injiniya! Kana zubar da wani abu!"

"Ba ruwanka!"

"Wallahi ka waiwaya!"

"Na ce ka ji da ɗinkinka!"

Ya danna cikin gida, ya ratsa tsakar gida ta kan tabarmar da matarsa ta shanya, ya cusa injin ɗakin shirgi. Fetur ya ƙare, injin ya yi ajiyar zuciya ya mutu. Matar ta fito daga kicin, ta dubi mijinta, ta dubi ƙasa, ta ɗora hannu a ka.

"Baban yara, me ka yi?"

"Babu komai. Kowa ya zo ki ce na yi tafiya tun jiya." Ya shige bayan injin ya jawo ƙofa.

Ba a daɗe ba aka ji hayaniya tana matsowa. Ashe saƙon Manaja ya isa ga Yaya a hanya, ya juyo ko gida bai biya ba, ya sauka a kantin ya tarar da filin kamar an yi yaƙi da ƙwai. Bai tambayi kowa inda mai aikin ya nufa ba. Layi ne ruwan ɗorawa ya fita daga ƙofar kanti ya miƙe tsakiyar titi, shi ya biyo, Manaja da maigadi da tela da rabin unguwa suna bayansa. Layin ya shiga gidan ƙanwarsa, ya hau tabarma ya sauka, ya tsaya cak a ƙofar ɗakin shirgi.

"Ina mijinki?"

Ta sunkuyar da kai. Kunya ta hana ta yin ƙarya, ta kuma hana ta faɗin gaskiya. Da ƙyar ta ce, "Yaya, ya ce in ce ya yi tafiya." Hawaye suka zubo mata, don ta san ƙofar da ta ƙwanƙwasa ta rufe.

Yaya ya dube ta, ransa ya sosu. Ya san surukinsa sarai. Sai ya tsuguna a bakin ƙofar gida, ya rufe ido ɗaya, ya hango layin har can ƙarshen titi. Abin mamaki, sakata ta riƙe taya, gudu kuma ya sa fentin ya kwanta daidai. Layin ya fita sambal, babu ko 'yar karkata.

"Kash," in ji Yaya da ƙarfi, yadda na cikin ɗaki zai ji. "Ashe ba shi ba ne. Tun da nake wannan sana'a ban taɓa ganin layi mai kyan wannan ba. Wannan hannun gwani ne. Manaja, a nemo min wanda ya ja shi, ko nawa ne zan ɗauke shi aiki."

Matar ta runtse ido tana addu'a a zuci kada ya yi. Ƙofar ɗakin shirgi ta yi ƙara.

"Yaya, ai ni ne."

Ga Injiniya tsaye, yanar gizo a hula, fenti har gira, ƙirji a gaba. "Kuma ko igiya ban sa ba. Baba maigadi shaida ne."

"Na shaida," in ji maigadi. "Har da na cikin filin, duk na shaida."

Dariya ta ɓarke har tela ya zauna a ƙasa. Yaya bai yi dariya ba. Ya shiga ya ɗaga tamfol, ya ga bakin bindigarsa, ya ga inda makunni yake a da. Sannan ya buɗe akwatin gefe ya zaro burushin ƙarfe da galan ɗin tina mai narkar da fenti, ya ɗora wa surukinsa a hannu.

"Na yi wa ƙanwata alkawari, kuma ba na saɓawa. Na ɗauke ka aiki. Za ka fara daga ƙofar ɗakin nan, a kan gwiwarka, har cikin filin Hajiya. Duk abin da ka ja, ka goge. Ranar da ka gama, sai mu yi maganar ba ka tsintsiya."

"Har da mai kyan, Yaya?"

"Da shi za ka fara."

Washegari duk wanda ya bi layin ya ga Injiniya durƙushe a tsakiyar titi yana ƙwaƙular kwalta. Tela ya matso da kujerarsa kusa.

"Injiniya, yaya sabon muƙami?"

"Ku ba ku san sana'a ba," in ji shi, bai ɗago ba. "Ja kowa ma yana ja. Gogewa ce sai gwani, shi ya sa Yaya bai ba kowa ba sai ni."

Matarsa ta fito za ta makaranta, ta ajiye masa ruwan sha a gefe. Wata maƙwabciya ta tare ta da tambayar da ta saba, wai me maigidan yake yi ne yanzu. Malama ta gyara jakarta, ta ɗaga kai, karo na farko ba tare da kame-kame ba.

"Yana aiki da Yayana," in ji ta. Ta taka kaɗan, ta dawo, ta nuna ƙasa da ɗan yatsa. "Baban yara, ka tsallake nan."